Ajiye Aska

Kalilu Sarkin Aska ya yanki Amadu a ƙeya.

A gindin darbejiyar ƙofar gida abin ya faru, da hantsi, ranar da za a yi taron asibiti. Aska ta zo daidai bayan kunne sai hannun ya yi rawa. Jini ya tsattsafo, ya gangara cikin wuyan riga.

Amadu ya kai hannu ya shafa, ya dubi yatsunsa.

"Kai, wanzam! Aski na zo, ba layya ba."

"Kai ka motsa."

"Ni? Ko numfashi ban yi ba."

"Ka motsa," in ji Kalilu.

Amadu bai ƙara ba. Sa'o'in juna ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Tun da Amadu ya fara dillancin shanu a kasuwar Mai'aduwa har ya tsufa ya bari, ba wanda ya taɓa ɗora masa aska a ka sai Kalilu. Ya san bai motsa ba. Ya kuma san da wa yake magana. Sai ya sunkuyar da kai, aka danna masa auduga.

Tun kaka hannun ya fara wannan rashin mutunci. Da fari sai da safe, kafin a karya kumallo. Daga baya ya daina zaɓen lokaci. Kalilu bai gaya wa kowa ba. In an kawo yara kaciya sai ya ce a tafi asibiti, can ya fi. Mutane suka ce Sarkin Aska ya waye. Ya bar su a haka.

Ba kuma duka ƙarya ba ce. 'Yarsa Ikilima ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibiti da ke bakin titin Sandamu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata. Ita ce ta bi ƙauyuka, rani da damina, tana tara wanzamai da ungozomomi, tana roƙonsu su daina cire wa jarirai beli, su daina yanke cibi da duk abin da hannu ya taɓa, kowane kai a sa masa sabuwar reza. Wanzamai suka ce sai abin da Sarkin Aska ya faɗa. Ta zo ta durƙusa a gabansa ta yi bayani. Ya ji ta har ƙarshe, ya ce, "Na bari." Sauran suka bi. Tun daga nan reza yake sa wa kowa. Askar mahaifinsa kai biyu kaɗai take taɓawa yanzu, nasa da na Amadu, don Amadu ya rantse ba za a kankare shi da abin yankan farce ba.

Yau asibitin zai karrama ma'aikatansa, har da ita. Ranar Juma'a ta zo gida ta ce, "Baba, likita ya ce ka zo da zabira. Suna so ka ajiye aska a gaban baƙi."

Ya ce, "To."

Ba sabon abu ba ne. Ya sha yi a wurin bita. A ajiye tsohuwar aska a kan tebur, a ɗauki reza a ɗaga sama, mai hoto ya ɗauka, a tashi, kowa ya kwashi kayansa.

Da ya gama da Amadu ya wanke askar, ya goge ta da tsumma, ya mayar da ita aljihunta. Zabirar ta fatar akuya ce. Ja aka ɗinka ta, hannu da gumi suka mayar da ita baƙa. Kakansa ya fara ratayawa. Kowane abu da gidansa a ciki: askar kai, askar kaciya, 'yar tsaga, ƙahoni, da dutsen wasawa da tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Mahaifinsa bai taɓa ɗaukarta ba sai da alwala, bai kuma taɓa barinta ta taɓa ƙasa ba. Kalilu ma haka. Ɗansa namiji guda ne, Munzali, yana Kano yana sayar da katin waya. Ya ce shi ba zai yi yawo da jakar fata yana shafa kawunan mutane ba. Kalilu bai sake yi masa maganar ba.

Ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani, ya rataya zabira.

"Za ka, ko za ka zauna jinya?"

"Za ni mana," in ji Amadu. "An ce akwai shinkafa."

Wata tsohuwar bas da ta taso daga Zango ce ta ɗauke su, ƙofarta ɗaure da igiya. Mata a baya, maza a gaba, kamar yadda aka koma yi tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Bazara ta kai maƙura. An share gonaki, an zuba taki, ana jiran ruwa. Kullum hadari sai ya taso daga gabas ya watse. Kalilu ya rungume zabira a cinya. Wani fasinja ya dubi audugar da ke ƙeyar Amadu.

"Baba, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ƙofar ɗakina ce," in ji Amadu. "Ta gajarce da tsufa."

Kalilu ya dubi taga.

An yi wa asibitin fenti daga gaba. Duwatsun bakin hanya an shafa musu farar ƙasa. An kafa rumfa biyu, ta maza da ta mata, 'yan agaji da kakinsu suna tsaye a tsakani. Masu jinya an ce su kwashe tabarminsu da tukwanensu su koma bayan ɗakin haihuwa har baƙi su tafi. Ba kiɗa. Da a shekarun baya ne, tun daga titi za a ji kalangu. Yanzu kaset ɗin karatu ne a lasifika. Mati makaɗi ya zo duk da haka, ya zauna a gefen rumfa hannu wofi, yana buga yatsu a gwiwa.

Aka ba tsofaffin biyu kujeru a sahun gaba. Aka ce baƙi sun taso daga Katsina. Rana ta take. Aka ce sun tsaya gaisuwa a Daura. Ruwan leda da aka raba ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Wakilin hakimi ya yi gyangyaɗi har hularsa ta zame. Kaset ya ƙare, aka juya shi, ya sake ƙarewa.

"Shinkafar nan ta huce," in ji Amadu.

Kalilu ya miƙe don ya sabunta alwala. Aka ce masa akwai famfo a ciki, ya bi baranda ya miƙe.

A tsakiyar barandar ya tarar da Badaru, sakataren asibitin, cikin babbar riga mai sitaci, yana goge wani kabad na gilashi da tawul. Kabad ɗin sabo ne, warin fenti bai bar shi ba.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Aska! Yau ranarku ce, kai da Malama Ikilima. Zo ka ga aikinmu."

Kalilu ya tsaya.

"Ka ga wannan kwalba? Kurkunu ne. Na ƙarshe da aka zare a ƙasar nan, daga ƙafar wani mutumin garin Babban Mutum. Wannan kuma ruwan kududdufin da ake sha ne kafin a haƙa mana burtsatse, dubi launinsa. Wannan dutse, daga mafitsarar wani bawan Allah likita ya ciro shi. Waccan allura ta masu yin allura a kasuwa ce, da ita ɗaya suke tsire gari guda."

Kurkunun yana naɗe a cikin ruwa rawaya, fari sol, kamar zaren da aka manta. Kalilu ya dube shi, ya dubi dutsen. Hawan sama na kabad ɗin babu kome a kai. An shimfiɗa masa farin ƙyalle.

"Can fa?"

"Can wurinka ne, ranka ya daɗe. Nan zabirar za ta zauna. Ita ce a sama, ka ga an girmama ta."

"Zuwa yaushe?"

Badaru ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne irin na manya.

"Ai ta zo gida ke nan. Duk wanda ya shigo asibitin nan zai ga abubuwan da muka ga bayansu."

Kalilu ya daɗe yana duban farin ƙyallen. Sannan ya ce, "Ina famfon?"

Ya yi alwala a hankali, zabira tana rataye a ƙusar bango. Da ya gama bai koma rumfa ba. Ya zagaya bayan ɗakin haihuwa, inda masu jinya suka taru a 'yar inuwar sabon tankin ruwa. Can ya sami Ikilima tana duba hannun wata tsohuwa da aka sa wa ƙarin ruwa. Fararen kaya ne a jikinta da farin hijabi, an goge su sun yi tsaf, amma idanunta sun faɗa. Tana ganinsa ta taso ta durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. An ba ku ruwa?"

"Uwata, me kika ce mini ranar Juma'a?"

Ta ɗago, ta sake sunkuyawa.

"Na ce za ka ajiye aska."

"Na ga kabad."

Ta kau da ido.

"Ajiyewa kika ce. Mutum yakan ajiye abu ya dawo ya ɗauka."

"Baba, in an ce ma'aikaci ya ajiye aiki, ai ba ya dawowa ya ɗauka."

"Ni ba ma'aikaci ba ne. Ba wanda ya ɗauke ni."

"Na sani."

"Kin san ba haka na ji ba."

"Na yi zaton haka," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Da ka ce to da sauri, na san ba ka ji yadda suke nufi ba. Na kasa ƙarawa. Na ce in ka zo ka gani, wataƙila ya zo da sauƙi."

Wata mata ta wuce da tukunya, ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa da kai. Ya jira ta yi nisa.

"Tsakanin tsutsa da dutsen fitsari. Nan za a sa kakanki."

"Ba haka suke nufi ba, Baba."

"Na gani da idona."

Ikilima ta miƙe tsaye. Ba ta saba yi masa magana a tsaye ba, amma gwiwoyinta sun gaji.

"Baba, ka yi mini haƙuri in faɗa. Matar da za ta zo daga ƙungiyar da ke tallafa mana, don wannan za ta zo. An gaya mata Sarkin Aska da kansa zai miƙa zabira. Likita ya ce daga nan za su tura sunana makarantar ungozoma. Shekara da shekaru ina nema. Ka san a ɗakin nan in haihuwa ta zo da gardama ba ni da abin yi sai in sa mace a mota in yi addu'a. Ina so in iya."

"Sai da zabirata za ki iya?"

"Ni ban tsara ba. Haka suka tsara."

Ta dubi hannunsa na dama, wanda ke riƙe da igiyar zabira.

"Kuma ka riga ka bari, Baba. Na ga yadda kake riƙe moɗar kunu. Tun kaka na gani."

Kalilu ya ji maganar har ƙashinsa. Ya sauke hannun, ya cusa shi cikin riga.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Ba zan gaya wa kowa ba." Ta share ido da bakin hijabi. "To wa za ka bar wa ita? Yaya Munzali ba ya so. Ni mace ce. Allah ya ja da ranka, amma in ta Allah ta kasance, a rataye za ta zauna har gara ta cinye. A nan ko banza za a riƙa goge ta."

Duk abin da ta faɗa haka yake. Ya dubi fuskarta, fuskar mahaifiyarsa ce sak in ta gaji da surfe. Daga gaba aka ji jiniya, mutane suka fara gudu-gudu.

"Je ki," in ji shi. "Baƙinku sun zo."

Sai da aka yi azahar, baƙi suka ci abinci a ofishin likita, sannan aka buɗe taro da addu'a. Badaru ne mai gabatarwa. Likita, wani dogon mutum mai suna Sadiq, ya tashi ya faɗi abin da aka samu. An haƙa burtsatse. An kawo janareta. An sami firij mai aiki da hasken rana don ajiyar allurar rigakafi. An gyara rufin ɗakin haihuwa. Ciwon nan da ke sandarar da jarirai kafin suna, bana ba a kawo ko ɗaya ba. Aka yi kabbara. Kalilu ma ya yi. Ya san ciwon. Ya sha zuwa askin suna ya tarar ana haƙa rami.

Babban baƙo ya yi magana mai tsawo, rabi da Turanci. Wakilin hakimi ya koma gyangyaɗinsa. Inuwar rumfa ta gusa, rana ta sami gwiwoyin sahun gaba.

Aka fara kiran ma'aikata. Maiturare mai shara ta sami atamfa da kular abinci, ta durƙusa har ƙasa, ta rasa hannun da za ta karɓa da shi. Direban motar asibiti ya sami rediyo. Mai kula da janareta ya sami agogon bango, wani daga baya ya ce to yanzu sai a riƙa kawo wuta a kan lokaci, aka yi dariya. Mati makaɗi yana ta buga gwiwa, leɓunansa suna motsi, kirarin kowa yana bakinsa ba damar fitarwa.

Sannan aka kira Ikilima.

Ta fito daga rumfar mata kanta a ƙasa. Badaru ya faɗi ƙauyukan da ta taka, da ranar da babur ya kayar da ita a cikin taɓo ta tashi ta ci gaba, da gidajen da aka sakar mata kare. Wasu abubuwan Kalilu bai taɓa ji ba. Matar ƙungiya ta miƙa mata allon yabo mai ƙyalli. Wata tsohuwa a rumfar mata ta fara rangaɗa guɗa, ɗan agaji ya waiwaya, ta haɗiye sauran.

"'Yarka ce fa," in ji Amadu. "Ka saki fuska."

"Rana ce a idona."

Ikilima ba ta koma ba. Aka ce ta tsaya a gefen tebur. Badaru ya gyara riga, ya matso da bakinsa jikin lasifika.

"Jama'a, yanzu muka zo kan babban abin da ya tara mu. Kowa ya san irin duhun kan da muka fito daga ciki. Aska ɗaya, kai ɗari. Jariri bai san duniya ba a buɗe masa baki a yanke. Alhamdu lillahi, wannan zamani ya wuce. Yau, a gaban idonku, kayan wancan zamani za su shiga inda ya dace da su."

Amadu ya karkato.

"Wannan ba ɗan Ya'u mai gishiri ba ne? Ba kai ka yi masa kaciya ba?"

"Ni ne."

"Ya yi kuka?"

"Sai da aka danne shi."

"Har yanzu bai huce ba ke nan."

Aka kira Sarkin Aska. Ya miƙe.

Tsakanin kujerarsa da teburin ba nisa, amma a nan ya gama shawara. Hannu ya tafi. Magaji babu. Yarinyar ta yi gaskiya, kuma ta sha wuya. Maganar Badaru iska ce, ya ji wadda ta fi ta daga bakin malaman zamani. Fata ce da ƙarfe. Mahaifinsa yana kabari, ba ya cikin jaka. Zai ba su. Zai koma gida ya zauna a gindin darbejiya kamar sauran tsofaffi, Amadu ya nemi mai yi masa aski.

Ya tsaya a gaban tebur. Ya yi bisimilla, ya cire igiyar daga kafaɗa. Wurin ya yi masa sakayau, har ya ji kamar zai karkace. Ya kakkaɓe ƙyallen teburin da hannun hagu, ya ɗora zabirar a hankali.

Aka yi tafi. Matar ƙungiya ta dafa ƙirji. Mai hoto ya ce a tsaya haka, Baba ya ɗan juyo, Malama ta matso. Ikilima ta matso. Ya ji numfashinta a kusa, ya ji ta saki ajiyar zuciya.

"To, a shigar da ita," in ji likita.

Badaru ya ajiye lasifika a kan tebur. Ya sa hannu a aljihu ya ciro safar roba, irin wadda ake sawa in za a kwashe amai ko a wanke gyambo. Ya hura ta, ya zura hannu, ya ja bakinta ta yi ƙara a wuyan hannunsa. Ya sa ɗayar. Bai yi da wata manufa ba. Haka aka koya musu, abin da ya taɓa jini ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, kuma yana so baƙi su ga ana bin ƙa'ida. Ya kama igiyar zabirar da yatsu biyu, ya ɗan nisanta ta da rigarsa.

Kalilu ya ɗora hannu a kanta.

Hannun dama ne. Yana rawa, kowa yana gani, har ƙahonin ciki suna taɓa juna suna ƙara. Bai janye ba.

Badaru ya yi murmushi, ya dubi baƙi.

"Sabo ne, jama'a, rabuwa da wuya. Ranka ya daɗe, a sakar mana."

"Cire wannan abin a hannunka."

"Ai doka ce, ranka ya daɗe. Don tsafta."

"Da alwala ake ɗaukarta."

Lasifikar tana kwance kusa da zabirar, maganar ta fita har bakin titi. Tafin ya mutu. Wakilin hakimi ya farka. Matar ƙungiya ta karkata tana tambayar na kusa da ita abin da aka ce.

Badaru ya dubi likita. Likita ya ce da sauri, "Cire, cire." Badaru ya fara kiciniyar tuɓe safar, gumi ya sa ta manne.

"Bar shi," in ji Kalilu. "Na gani."

Ya ja zabirar zuwa gabansa.

"An ce in zo in ajiye. Na ajiye. Kowa ya gani, mai hoto ya ɗauka. Yanzu zan ɗauki abata."

"Baba," in ji Ikilima.

Bai dube ta ba. Ya san in ya duba abin da zai gani. Ya ɗaga igiyar, hannun ya ƙi kai ta kafaɗa, ya taimaka da na hagu. Nauyin ya koma wurinsa.

Likita ya zagayo tebur, ya rage murya, ya ɗan rusuna.

"Baba Sarki, kuskure ne, a yi mana afuwa. Ni zan ɗauka da hannuna. Ka ga baƙi sun zo daga nesa. Ka dubi Malama Ikilima, ka san abin da ke gabanta. Don Allah ka ba mu."

Kalilu ya ji ta a gefensa, tana riƙe da allonta, ba ta motsi. Ya san abin da zai faɗa zai iya rufe mata ƙofar makarantar nan. Ya san gobe ma hannun ba zai daina rawa ba, kuma Munzali ba zai dawo ba. Can a sahun gaba Amadu ya riga ya miƙe yana neman takalmansa.

Ya gyara zaman zabirar a ƙarƙashin hammata, ya dubi likita.

"Ba zan bayar ba."